Gadar Shambat da Horon da Injiniyoyin Sudan Ke Buƙata

A ranar 11 ga Nuwamba, 2023, wani sashe na gadar Shambat, wadda ta haɗa Omdurman da Khartum Bahri tun shekarun 1960, ya karye ya faɗa cikin kogin Nilu. Sojojin Sudan da dakarun RSF kowa ya ɗora wa abokin gabarsa laifin. Watanni biyu kafin nan, hasumiyar kamfanin mai na Greater Nile, ɗaya daga cikin dogayen gine-ginen da ake gane Khartum da su, ta kama da wuta. Gadar da ke kan madatsar ruwa ta Jabal Auliya, kudu da birnin, ita ma ta samu rauni a wannan Nuwamba, sannan gadar Halfaya ta biyo baya a 2024. Tun da sojoji suka sake karɓe Khartum a watan Maris na 2025 jama'a suka fara komawa gidajensu, kuma duk wanda ya koma yana da tambaya guda game da ginin da ya tarar a tsaye: shin zai ci gaba da ɗaukar nauyi, ko kuwa ranar faɗuwarsa kawai yake jira?

Injiniyoyi ne za su amsa wannan tambaya, kuma babban makaminsu a yau shi ne manhajojin kwamfuta da ke kwaikwayon yadda gini ke ɗaukar nauyi, irin su ANSYS da Abaqus da SAP2000 da Plaxis. Saboda haka horar da matasa a kan waɗannan manhajoji ya zama lalura ga Sudan. Sai dai horo suna ya tara. Akwai wanda ke koya wa ɗalibi inda zai danna har hoto mai launuka ya fito a allo, akwai kuma wanda ke koya masa yadda zai gane ko hoton gaskiya ya faɗa. Ra'ayin wannan rubutu shi ne, a halin da Khartum da Omdurman ke ciki, horo na farkon idan ya tsaya shi kaɗai ya fi rashin horo haɗari, domin yana ba mutum ƙarfin halin sa hannu a kan abin da bai fahimta ba.

Mene ne lissafin ƙananan gaɓoɓi?

Dabarar da waɗannan manhajoji ke aiki da ita, wadda injiniyoyi ke taƙaita sunanta da FEA, ana iya kiranta lissafin ƙananan gaɓoɓi. Tushenta mai sauƙi ne. Ba a iya lissafa yadda gada sukutum za ta lanƙwasa a ƙarƙashin nauyi da alƙalami da takarda, domin siffarta ta cika sarƙaƙiya. Amma ana iya lissafa yadda ɗan ƙaramin tubali mai kusurwa huɗu, ko mai uku, zai matse idan an danna shi. To sai a yayyanka gadar a cikin kwamfuta zuwa dubban irin waɗannan gaɓoɓi, a haɗa su a mahaɗansu kamar ragar masunci. Kowace gaɓa tana da taurinta. Kwamfuta ta tattara taurin gaɓoɓin duka, ta ɗora nauyin da aka gaya mata, ta warware dubban lissafai a lokaci guda, ta fitar da gwargwadon motsin kowace mahaɗa. Daga wannan motsi ne take gano matsin da kowane ɗan wuri na ginin ke sha a cikinsa, ta zana shi da launi: shuɗi inda ake da sauƙi, ja inda abin ya tsananta.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Masanin lissafi Richard Courant ya zo da tunani makamancin wannan a 1943. A 1956 Turner da Clough da Martin da Topp suka wallafa aikin da ya kafa ta a fagen ƙera jiragen sama, Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley kuma shi ya raɗa mata sunan da aka san ta da shi a 1960. Littafin Olgierd Zienkiewicz na Jami'ar Swansea, wanda ya fito a 1967, shi ya yaɗa ta a tsakanin injiniyoyin gine-gine. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta ɗauki nauyin manhajar NASTRAN a ƙarshen shekarun 1960, John Swanson kuma ya kafa kamfanin da ya haifar da ANSYS a 1970.

Abin lura shi ne, kwamfuta ba ta taɓa ganin gada ba. Abubuwa huɗu ake ba ta: siffar ginin, ƙarfin kayan da aka yi shi da su, nauyin da zai ɗauka, da yadda ya zauna a kan ƙasa. Mutum ne ke ba ta dukkan huɗun, shi ne kuma ke zaɓar irin gaɓoɓin da yawansu. Idan ɗaya daga ciki ya karkace, amsar za ta fito da launukanta masu kyau kamar yadda amsar gaskiya za ta fito, ba tare da wata alama ta gargaɗi ba.

Darasi daga ƙasar Norwe

Wanda ke ganin wannan fargaba ce ta malaman jami'a kawai, ya dubi abin da ya faru a Norwe ranar 23 ga Agusta, 1991. An gina wani katafaren gindi na kankare domin dandalin haƙo iskar gas mai suna Sleipner A, ana gwada nutsar da shi a ruwa kusa da birnin Stavanger, sai bangonsa ya tsage, ruwa ya kwarara ciki, ya nutse baki ɗaya. Babu wanda ya mutu, amma an ƙiyasta asarar da kusan dala miliyan 700. Bincike ya nuna cewa an yi lissafin da NASTRAN, manhajar da duniya ta amince da ita, amma ragar da aka tsara a wata mahaɗar bangaye ba ta dace ba. Sakamakon haka lissafin ya rage ƙarfin yanka, wato ƙarfin da ke neman zamar da sashe ɗaya na bango a kan ɗaya, da kusan kashi 47 cikin 100. Aka kuma sa rodi bisa wannan gurguwar amsa.

Waɗannan ƙwararru ne a ƙasa mai arziki, suna da cikakken zane, suna da sakamakon gwajin kankarensu, suna aiki a kan sabon gini cikin zaman lafiya. Duk da haka manhaja mai inganci ta ba su amsa marar inganci, domin tambayar da aka yi mata ta karkace. Injiniyan da zai tsaya a gindin gadar Shambat ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan gata.

Abin da manhaja ba ta sani ba game da Khartum

Na farko shi ne ƙasa. Birane uku ne suka haɗu suka zama babban birnin Sudan a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kuma ƙasarsu ba iri ɗaya ba ce. Yawancin Omdurman, a yammacin kogi, yana zaune ne a kan dutsen yashi mai tauri wanda ba shi da nisa daga sama. Khartum da Bahri kuwa suna kan laka da rairayin da kogi ya tara, kuma a wurare da dama lakar irin ta filin Gezira ce, baƙar laka mai kumbura idan ta sha ruwa, mai tsukewa ta tsattsage idan ta bushe. Irin wannan laka tana iya ɗaga harsashin ƙaramin gini sama, ta tsaga bangonsa. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Jami'ar Khartum ta shafe shekaru masu yawa tana nazarin wannan matsala. Ɗalibin da aka koya wa ya danna maɓalli guda ya ce wa kwamfuta gindin ginin a kafe yake ba ya motsi, zai samu amsa ɗaya ga gini a Omdurman da gini a kudancin Khartum, alhali ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta sha bamban. Yaƙi ya ƙara dagula lamarin, domin bututun ruwa da ya fashe aka bar shi yana tsiyaya watanni yana iya jiƙa lakar da ta shekara talatin a bushe a ƙarƙashin gida.

Na biyu shi ne wuta. Manhajoji da dama suna zuwa da jerin ƙarfin kankare da ƙarfe da aka riga aka zuba musu, amma na sababbin kaya ne. Kankaren da zafinsa ya haura digiri 300 a ma'aunin Salshiyas yana fara rasa ƙarfinsa sosai, sau da yawa launinsa ya koma ja-ja, kuma ba ya komawa yadda yake bayan ya huce. Ƙarfen gini yana rasa kusan rabin ƙarfinsa a wajen digiri 550 zuwa 600. Wayoyin ƙarfe da ake ɗamewa a cikin kankare, irin waɗanda ke riƙe da gadoji masu dogon zango, sun fi rodi saurin raunana da zafi. Ginshiƙi biyu a ɗaki ɗaya suna iya bambanta ƙwarai, gwargwadon inda wutar ta fi ci. Babu hanyar sanin wannan daga kan allo. Sai an je an huda kankaren an ciro samfuri, an matse shi a ɗakin gwaji har ya fashe, an auna zurfin da zafin ya kai, an yanko guntun rodi an ja shi a inji.

Na uku shi ne zane. Gadar jirgin ƙasa da ke kan Shuɗin Nilu an kammala ta a 1909, tsohuwar gadar Farin Nilu da ke kaiwa Omdurman kuma a shekarun 1920. Ko a lokacin zaman lafiya samun cikakken zanen irin waɗannan gine-gine aiki ne. Yanzu da aka wawashe ofisoshi aka ƙona ma'ajiyar takardu a sassan birnin, injiniya zai riƙa tarar da gini ba tare da sanin yawan rodin da ke cikin ginshiƙinsa ba. Dole ya auna da kansa, ya yi amfani da na'urar gano ƙarfe a cikin kankare, ya fasa wani wuri ya gani da ido.

Sannan ga kogi da rana. Ambaliyar 2020 ta haura matakin da ruwa ya kai a 1946 da 1988, kuma ruwa mai ƙarfi yana kwashe rairayin da ke kewaye da ƙafafun gada. Ɓaraguzan sashen da ya faɗa cikin kogi suna sauya yadda ruwan ke bi ta gefen sauran ƙafafun. Zafin Khartum kuwa yana haura digiri 40 a bazara. Ƙarfe mai tsawon mita 100 yana ƙara kusan santimita uku da rabi idan zafinsa ya tashi da digiri 30. Idan matashin da gadar ke zamewa a kansa ya cije saboda tsatsa ko raunin fashewa, wannan ɗan miƙewa zai koma matsi mai yawa a jikin gadar. Wanda bai je ya duba matashin ba zai gaya wa kwamfuta cewa yana zamewa lafiya, ita kuma ta yarda.

Hujjar masu gajeren kwas

Masu goyon bayan gajerun kwasa-kwasai na mako biyu ko wata guda suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Sun ce jami'o'in Khartum sun tarwatse tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, an lalata azuzuwa da ɗakunan gwaji, malamai da ɗalibai sun watsu zuwa Port Sudan da Alƙahira da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Matashin injiniyan da ke gudun hijira yana buƙatar abin da zai nuna wa mai ɗaukar aiki a yau, kuma sunan manhaja a takardarsa yana buɗe masa ƙofa. Sun ƙara da cewa gine-ginen da ke jiran dubawa sun yi yawa ƙwarai, ba za a jira kowa ya yi digiri na biyu kafin a fara ba.

Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai cewa a rufe irin waɗannan kwasa-kwasai. Koyon sarrafa manhaja mataki ne da ba makawa sai an taka shi. Matsalar tana wajen sunan da ake ba shi da kuma abin da ake barin mai takardar ya yi da ita. Idan kwas na mako biyu ya ba da takardar da ke cewa mai ita ya ƙware a babban mataki, sai kamfani ya ɗora masa duba benen asibiti da ya ƙone, an zalunci matashin an kuma jefa majiyyata cikin haɗari. Batun gaggawa ma hujja ce a kan masu kawo ta. Yawancin gidajen da ke jiran dubawa ba sa buƙatar raga mai gaɓoɓi dubu ɗari. Suna buƙatar ido mai horo, guduma, ma'auni da lissafin hannu, domin a ware wanda za a shiga, da wanda za a gyara, da wanda za a rushe. Babban lissafin kwamfuta na gadoji ne da madatsun ruwa da dogayen benaye, kuma a nan ne kuskure ya fi tsada.

Akwai kuma batun lasisi. Takunkumin tattalin arzikin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya sa sayen manhajojin kamfanonin Amurka ta halastacciyar hanya ya yi wuya na tsawon shekara ashirin. Ko bayan ɗage shi, kuɗin lasisi ya fi ƙarfin yawancin sassan jami'a, nau'in da ake ba ɗalibai kyauta kuma yana da iyakar girman ragar da zai ɗauka. Horon da ya rataya a kan sunan manhaja guda yana barin ɗalibi a tsaye ranar da lasisi ya ƙare. Wanda ya fahimci dabarar kuwa zai iya komawa kan manhajojin da kowa ke da damar ɗauka kyauta, kamar Code_Aster ta kamfanin wutar lantarkin Faransa, ko OpenSees da aka ƙirƙira a Berkeley, ko CalculiX.

Yadda horon ya kamata ya kasance

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Horo na gari yana farawa ne kafin a kunna kwamfuta. Ɗalibi ya warware lissafin sanda mai gaɓa biyu ko uku da hannunsa, ya ga yadda taurin gaɓoɓi ke haɗuwa, domin ya san abin da injin ke yi a ɓoye.

Bayan haka, kada a karɓi wata amsar kwamfuta sai tare da ƙiyasin hannu. Misali, bim mai tsawon mita 6 da ya zauna a kan ginshiƙi biyu, yana ɗauke da kiloniyutan 10 a kowace mita: jimillar nauyin 60 ce, kowane ginshiƙi zai ɗauki 30, ƙarfin lanƙwasa a tsakiya kuma 45 ne, wato nauyin mita guda sau tsawo sau tsawo, a raba da 8. Idan manhaja ta ba da 4.5 ko 450, akwai kuskure, kuma sau da yawa daga ma'auni yake. Abaqus, alal misali, ba ta da ma'auni nata na kanta, duk lambar da aka ba ta karɓa take yi, don haka wanda ya gauraya mita da milimita ba zai ji ta ce uffan ba.

Na gaba shi ne gwajin raga. A sake lissafin da gaɓoɓi ƙanana fiye da na farko, a sake kuma, har sai amsar ta daina sauyawa sosai. A nan ne ɗalibi zai koyi wani sirri da ke ruɗa sababbin shiga: a kusurwa mai kaifi da ta shiga ciki, matsin da lissafi ke nunawa yana ta hauhawa duk lokacin da aka ƙara matse ragar, ba ya tsayawa. Wannan jan ɗigo a allo ba lallai ne ya nuna inda gini zai karye ba, sau da yawa sakamakon yadda aka sauƙaƙa siffar ne. Rarrabe jan gaskiya da jan ƙarya shi ne ainihin abin da ya cancanci a kira babban mataki.

Sai kuma gwada lissafi da zahiri. A zuba bim na kankare a ɗakin gwaji, ɗalibi ya yi hasashen nauyin da zai karya shi, sannan a ɗora masa nauyin a gaban idonsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan na nufin cewa duk mai son taimaka wa Jami'ar Khartum, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, ko jami'o'in Omdurman, ya fara da injin matse kankare da na'urorin gwajin ƙasa kafin ya kai ga ɗakin kwamfutoci. Kwamfuta ana iya aronta ta intanet daga ko'ina a duniya, amma samfurin lakar Khartum a Khartum za a gwada shi.

Na ƙarshe shi ne ido na biyu. Duk lissafin da rayukan jama'a suka rataya a kansa, wani injiniya da ba shi da hannu a aikin ya sake shi ta wata hanya dabam. A Birtaniya an kafa ƙungiyar NAFEMS a 1983 saboda damuwa da ingancin irin waɗannan lissafai, ta kuma tsara misalan gwaji da ake auna manhaja da masu amfani da ita. Hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Sudan tana iya ɗaukar wannan hanya, ta bambanta wanda ya halarci kwas da wanda aka amince ya sa hannu. Gyaran gadojin Shambat da Halfaya, ko wane kamfani ya yi shi, ya kamata ya zama makaranta: a sa matasan injiniyoyin Sudan a cikin aikin aunawa da gwaji, a kuma ajiye sakamakon a jami'o'i domin masu zuwa.

Abin da ya shafi ƙasar Hausa

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Hanyar aikin hajji ta ƙasa ta bar al'ummomin Hausawa da Fulani a can, garin Mai Wurno a gefen Shuɗin Nilu kuma ya samo asali ne daga waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Ɗaliban arewacin Nijeriya da dama suna karatu a Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka da sauran jami'o'in Khartum lokacin da yaƙi ya tashi, aka kwaso su ta Masar da Port Sudan. Matsalar ma iri ɗaya ce. Baƙar laka mai kumbura tana nan a sassan Borno da Adamawa da Gombe, tana lalata tituna da gidaje. Gine-ginen da aka ƙona a arewa maso gabas suna jiran irin wannan dubawa. Ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024, wadda ta mamaye Maiduguri da ambaliya, ta nuna abin da ke biyo baya idan tsohon gini ya raunana ba a kai masa ɗauki ba. Ɗalibin injiniya a Zariya ko Kano da ke shirin biyan kuɗin kwas na manhaja yana da damar tambayar masu kwas ɗin: za a sa shi ya yi lissafin hannu? Za a nuna masa gwajin raga? Za a kai shi ɗakin gwaji? Idan amsar duka a'a ce, abin da zai saya shi ne sanin inda maɓallai suke.

Ranar da za a sake buɗe gadar Shambat, motocin haya cike da ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwar Omdurman za su hau kanta, ba tare da ɗayansu ya ga ragar da aka tsara ko lambobin da aka zuba wa kwamfuta ba. Amincinsu ya rataya ne a kan ko wanda ya sa hannu ya sauka gindin gadar ya ciro samfuri, ya sake lissafin da hannunsa, ya kuma yarda wani ya duba aikinsa. Samar da irin wannan injiniya yana ɗaukar shekaru, shi ya sa ya kamata jami'o'in Sudan da masu tallafa musu su fara tun yanzu, kafin a gama kwashe ɓaraguzai.